Laimar Kwaɗi a Kwalba: Shin Da Gaske Tana Gyara Ƙwaƙwalwa?

Shin garin laimar kwaɗi da ake tallarsa a matsayin maganin mantuwa, rashin natsuwa da damuwa yana aiki kuwa, ko dai kuɗin mutane kawai ake kwashewa? Duk mai leƙa TikTok, Instagram ko YouTube a 'yan shekarun nan ya ci karo da tallar. Za ka ga mutum ya zuba cokali ɗaya na wani gari mai ruwan ƙasa a cikin kofi, ya kurɓa, sannan ya ce tun da ya fara sha hankalinsa ya dawo wuri ɗaya, ya daina mantuwa, zuciyarsa ta yi sanyi. Jama'a kuma sun rabu biyu a kan maganar. Wasu na cewa yaudara ce tsagwaronta, wasu na cewa an gano sirrin da likitoci suka daɗe suna rufewa. Duk ɓangarorin biyu sun yi gaggawar yanke hukunci. Akwai ƙamshin gaskiya a batun, sai dai abin da aka tabbatar bai kai ko kusa da abin da ake yi wa mai saye alkawari ba, kuma a wannan tazara ce mutane ke asarar kuɗi, wani lokaci har da lafiya.

Wace laimar kwaɗi ake nufi?

Laimar kwaɗi, wadda wasu ke kira naman kaza, ba tsiro ba ce kuma ba dabba ba. Masana sun ware mata gida na daban tare da danginta irin su yis da funfuna. Abin da ido ke gani ya fito kamar laima ɗanta ne kawai, kamar yadda bishiya ke fitar da 'ya'ya. Ainihin jikinta wasu siraran zarurruka ne farare da ke yaɗuwa a cikin ƙasa ko cikin ruɓaɓɓen itace, masana na kiransu maisiliyam. A riƙe wannan bambanci tsakanin ɗa da zare, domin shi ne tushen wata babbar rigima da za mu zo kanta a gaba.

Daga cikin dubban nau'o'in da ke duniya, huɗu ne suka mamaye wannan kasuwa. Ta farko kuma wadda ta fi suna a batun ƙwaƙwalwa ita ce Hericium erinaceus, wadda ake sayarwa da sunan Lion's Mane, wato gezar zaki. Ba ta da laima ko kara. Dunƙule ce fara da ke fitowa a jikin bishiya, da dogayen tsinkaye masu laushi suna zubowa ƙasa kamar gemun dattijo. Mutanen Sin na kiranta kan biri, kuma sun daɗe suna dafa ta su ci. Sai reishi, wadda 'yan Sin ke kira lingzhi, ja ce mai sheƙi kamar an shafa mata mai, tauri gare ta kamar katako, ga ɗaci. Sai kodisefs, da kuma caga.

Waɗannan huɗun ba sa sa maye. Akwai wasu nau'o'in daban masu ɗauke da sinadarin silosaibin da ke juyar da hankali, kuma haramtattu ne a yawancin ƙasashe tun yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1971. Gaskiya ne ana binciken silosaibin a kan ciwon damuwa mai tsanani, har Ostireliya ta ba wasu likitocin ƙwaƙwalwa izinin amfani da shi daga Yulin 2023, amma a ƙarƙashin kulawar asibiti. Labarin wannan bincike yakan shiga kunnen mutane su ɗauka duk laimar kwaɗi ce ake nufi, masu talla kuma ba sa damuwa su gyara musu fahimta.

Kalmomi biyu ne za ka yawan gani a jikin kwalaben. Ɗaya ita ce nootropic, wadda wani masani ɗan Romaniya, Corneliu Giurgea, ya ƙirƙira a 1972 don abin da ke ƙara kaifin tunani. Ɗayar kuma adaptogen, wadda ta fito daga wani masanin Tarayyar Sobiyet, Nikolai Lazarev, a 1947, don abin da ke taimaka wa jiki jure wahala. Ganin ɗayansu a jikin kwalba ba shaida ba ce cewa wata hukuma ta gwada kayan. Kowa na iya bugawa.

Inda maganar gezar zaki ta samo asali

Ruwa ba ya tsami banza. A jikin ɗan Adam akwai wani furotin da ake taƙaita sunansa da NGF, aikinsa raya ƙwayoyin jijiya da taimaka musu su miƙa rassa. Gano shi ne ya sa Rita Levi-Montalcini 'yar Italiya da Stanley Cohen ɗan Amurka suka sami kyautar Nobel a 1986. Tun daga lokacin masana ke tunanin cewa da za a sami hanyar ƙara wannan furotin a ƙwaƙwalwa, da wataƙila an rage lalacewar da tsufa ke jawowa. Matsalar ita ce shi kansa furotin ɗin ba ya iya ratsa shingen da ke tsakanin jini da ƙwaƙwalwa, don haka ba a iya bayar da shi kamar ƙwayar magani.

A farkon shekarun 1990 wani masani a Jami'ar Shizuoka ta Japan, Hirokazu Kawagishi, da abokan aikinsa suka ciro wasu sinadarai daga gezar zaki. Na cikin ɗan suka kira su herisenon, na cikin zaren kuma erinasin. Da suka zuba su a kan ƙwayoyin halitta a ɗakin gwaje-gwaje, sai ƙwayoyin suka ƙara fitar da NGF. Daga baya gwaje-gwaje a kan ɓeraye sun nuna alamun ƙaruwar tunawa, kuma a 2023 masana a Jami'ar Queensland ta Ostireliya sun nuna cewa wani sinadari na wannan laima na sa ƙwayoyin jijiya miƙa rassa a faranti. Wannan aiki ne na gaske, na mutane masu ilimi, kuma bai kamata a raina shi ba.

Amma faranti daban, ɓera daban, mutum daban. To, me aka gani a jikin mutane?

Binciken da kusan kowane mai talla ke jingina da shi an buga shi a 2009 a Japan. An ɗauki mutum 30 masu shekaru 50 zuwa 80 da suka fara samun rauni kaɗan a tunani. Aka ba rabinsu garin gezar zaki giram 3 a rana, rabi kuma aka ba su ƙwayar wofi mai kama da ta gaske, har tsawon mako 16. Waɗanda suka sha na gaske sun fi samun maki a gwajin tunani. Da aka daina ba su, cikin mako huɗu makin ya fara sauka. Masu talla na faɗin rabin farko, ba sa faɗin na biyu, ba sa kuma faɗin cewa jagoran binciken ma'aikacin wani kamfani ne mai noman laimar kwaɗi. Wannan ba ya nufin an yi maguɗi. Yana nufin ana buƙatar wasu da ba su da riba a ciki su maimaita aikin da mutane masu yawa.

A batun natsuwar zuciya kuwa, binciken da ake yawan ambato na 2010 ne, shi ma a Japan. Mata 30 aka ba biskit, na wasu da garin a ciki na wasu babu, na tsawon mako huɗu, sannan aka tambaye su yadda suke ji. Waɗanda suka ci mai garin sun ce fargaba da ƙuncin rai sun ɗan ragu. Mako huɗu ne kacal, mata 30 ne kacal, kuma ba masu ciwon damuwa da likita ya tabbatar ba ne.

Mafi yawan masu sayen wannan kaya a yau matasa ne lafiyayyu, ɗalibai da ma'aikata masu neman hankalinsu ya tsaya a kan aiki. Su kuma binciken da ya shafe su ya fi ƙaranci. A 2023 masana a Jami'ar Northumbria ta Ingila sun gwada mutum 41 masu shekaru 18 zuwa 45, giram 1.8 a rana, kwana 28. Cikin gwaje-gwajen akwai wani da ake kira Stroop. Za a nuna maka kalmar "ja" amma an rubuta ta da koren tawada, a ce ka faɗi launin tawadar ba abin da aka rubuta ba. Bakinka zai so ya ce ja, dole ka danne shi ka ce kore, ana auna saurinka. Sa'a ɗaya bayan shan garin, waɗanda suka sha sun ɗan fi sauri a wannan gwajin. A mafi yawan sauran gwaje-gwajen ba a ga wani bambanci ba, kuma su kansu masu binciken sun ce a yi hattara da sakamakon saboda ƙarancin mutanen.

Me ya sa mutum 30 ba su isa ba

Wani zai ce, ai dai an ga alama, me ake jira? Tarihin wani ganye ya ishe mu darasi. Shekaru da dama ana sayar da ganyen bishiyar ginko a matsayin maganin mantuwa, kuma ƙananan bincike da yawa sun nuna kamar yana aiki, har sun fi na gezar zaki yawa. Sai aka yi babban gwaji a Amurka da tsofaffi 3,069, aka bi su kimanin shekara shida, rabi na shan ginko sau biyu a rana rabi na shan ƙwayar wofi. Sakamakon da ya fito a 2008 ya nuna ginko bai hana gigin tsufa ba, bai kuma jinkirta shi ba. Sai an gwada akan san na ƙwarai. Idan mutane kaɗan ne a gwaji, mutum biyu ko uku da suka yi sa'ar kwana lafiya ranar jarrabawa sun isa su karkatar da lissafi. Kuma binciken da bai ga komai ba sau da yawa ba ya kaiwa ga bugawa, sai masu daɗin ji ne ke fitowa fili.

Sai kuma maganar masu cewa, "Ni dai na sha, kuma na ji canji a jikina." Ban ƙaryata su ba, domin canjin da suke ji na gaske ne. Tambayar ita ce daga ina ya fito. A 2021 masana a Kwalejin Imperial ta Landan sun buga wani bincike mai ban sha'awa a kan mutum 191 masu shan ɗan mitsitsin awo na kayan juya hankali, irin su LSD da silosaibin, da imanin yana gyara musu tunani. Aka sa kowa ya haɗa kafso ɗinsa da kansa, wasu da sinadarin a ciki wasu fanko, ya zuba a ambulan ya gauraya har shi ma bai san wanne yake haɗiya ba. Bayan mako huɗu, masu shan na gaske sun ce rayuwarsu ta gyaru. Masu haɗiyar fanko su ma haka suka ce, kuma babu wani bambancin a zo a gani tsakaninsu. Natsuwa, walwala da kuzari suna cikin abubuwan da tsammanin mutum ya fi tasiri a kansu. Wanda ya kashe kuɗinsa ya sayi kwalba da niyyar gyara rayuwarsa, sau da yawa a makon ne kuma yake fara kwanciya da wuri, ya rage danna waya. Faɗuwa ta zo daidai da zama, sai kwalba ta kwashe yabon.

Haka abin yake a kofin da ake gauraya da garin laimar kwaɗi. Yawancinsu sinadarin kafeyin da ke ciki bai kai na kofi zalla ba. Mutumin da ya saba shan mai ƙarfi har gabansa na faɗuwa, in ya koma wannan, dole ya ji sauƙi, ko da garin bai yi komai ba.

Sauran ukun

Reishi tana da daɗaɗɗen tarihi a littattafan maganin gargajiya na Sin, kuma yau ana tallarta don barci da kwanciyar hankali. Akwai wani gwaji na 2005 a Sin da mutum 132 masu fama da kasala da gajiyar jiki, wanda ya nuna ɗan sauƙi bayan mako takwas. Bayan wannan, mafi yawan aikin da aka yi a kanta ya shafi garkuwar jiki ne, ba ƙwaƙwalwa ba.

Labarin kodisefs ya fi ɗaukar hankali. Ta asalin tana fitowa ne a tsaunukan Tibet, a wurare masu tsayin sama da mita 3,000. Takan shiga jikin wata tsutsa da ke cikin ƙasa, ta cinye cikinta, sannan da bazara ta huda kan tsutsar ta fito kamar ɗan tsinke. Mutanen Tibet na kiranta da sunan da ke nufin ciyawa da bazara, tsutsa da hunturu. Duniya ta san ta ne a 1993, lokacin da 'yan tseren mata na Sin suka karya tarihi a gasar ƙasa a Beijing. Wang Junxia ta rage kusan daƙiƙa 42 daga tarihin tseren mita 10,000, kocinsu Ma Junren kuma ya ce sirrin shi ne kodisefs da jinin kunkuru. A shekarar 2000 aka cire 'yan wasansa shida daga tawagar gasar Olamfik ta Sydney bayan gwajin jini. Har yau ana amfani da labarin 1993 wajen talla, ba a haɗawa da na 2000. Ta asalin tana da matuƙar tsada, saboda haka abin da ke cikin kwalabe kusan duka wata 'yar'uwarta ce da ake nomawa a ɗaki, ko kuma zare da aka raina a tanki.

Caga kuwa wani baƙin dunƙule ne kamar gawayi da ke fitowa a jikin wata bishiya mai farin ɓawo a ƙasashen sanyi irin su Siberiya, Finlan da Kanada. A kan ƙwaƙwalwar ɗan Adam ba ta da wata hujja da za a riƙe. Abin da aka tabbatar a kanta na gargaɗi ne, zan zo kansa.

Me ke cikin kwalbar?

A ganina wannan ne wurin da mai saye ya fi cutuwa, kuma shi ne aka fi yin shiru a kansa. Ko da a ce gezar zaki na aiki, ba ka da tabbacin ita ce a hannunka, ko kuma yawanta ya kai na binciken.

Amurka na cikin manyan kasuwannin irin waɗannan kaya, kuma dokarta ta 1994 ta ɗauke su a matsayin ƙarin abinci, ba magani ba. Ma'anar haka ita ce kamfani ba ya buƙatar ya nuna wa FDA, hukumar kula da abinci da magunguna ta ƙasar, hujjar cewa kayansa na aiki kafin ya kai kasuwa. An hana shi cewa yana warkar da cuta, amma an bar shi ya ce yana "tallafa wa" tunani ko natsuwa. Ɗauki kwalbar ka juya bayanta. A ƙasa, da ƙananan haruffan da sai ka matso da ita kusa da ido, za ka ga an rubuta cewa hukumar ba ta tantance waɗannan iƙirari ba, kuma ba a yi kayan don gano wata cuta, magance ta, warkar da ita ko hana ta ba. Gaban kwalba na nuna hoton ƙwaƙwalwa tana walƙiya, bayanta na cewa ba mu yi maka alkawarin komai ba.

A 2017 mujallar Scientific Reports ta buga sakamakon gwajin kayan reishi 19 da aka saya a Amurka. Biyar ne kawai abin da ke cikinsu ya yi daidai da abin da aka rubuta a jikinsu.

Ga kuma rigimar ɗa da zare. Hanya mafi sauƙi ta samar da wannan gari ita ce a cika leda da dafaffiyar shinkafa ko wani hatsi, a saka irin laimar, a bar zaren ya mamaye hatsin har ya yi fari fat ya dunƙule, sannan a busar a niƙe duka, hatsi da zare tare. Masu sukar wannan hanya na cewa kaso mai yawa na abin da mutum ya saya sitaci ne. Masu kare ta, cikinsu har da sanannen masanin laimar kwaɗi ɗan Amurka Paul Stamets wanda shi ma yana da kamfanin sayar da ita, na cewa zaren na da nasa amfanin, kuma ai erinasin a zare yake. Kowane ɓangare na da abin faɗa, kowane ɓangare kuma na da hajar da yake son sayarwa. Abin da mai saye zai iya dubawa shi ne jerin kayan haɗi. In ya ga shinkafa ko wani hatsi a ciki, to ya san da me aka cika. In kuma an yi alfahari da yawan polisakarayid, wato sinadarai masu dogayen sarƙoƙin sukari, ya sani cewa sitaci ma polisakarayid ne. Adadin beta-gulukan, wani nau'in polisakarayid da ke jikin laimar, shi ya fi nuna yawan laimar da ke ciki, duk da cewa shi ma ba ya gaya maka yawan herisenon ko erinasin, waɗanda su ne ake dangantawa da ƙwaƙwalwa. Sannan a duba awo. Kafso ɗaya mai miligiram 500 kashi ɗaya cikin shida ne na abin da aka ba mutanen binciken 2009, kuma kwalaben da suka gauraya nau'i shida ko goma a kafso ɗaya, kowane nau'i ɗan ɓarɓashi ne ke kaiwa cikinka.

Abin da masu goyon baya suka faɗa daidai

Zai zama rashin adalci in tsaya a nan. Dangin laimar kwaɗi sun ba duniya magunguna manya. Daga funfuna aka sami fenisilin. Daga wani nau'in aka sami saikulosforin, wanda ya sa dashen ƙoda da hanta ya zama abin da ake yi a tsira. Wanda ya fi kusa da zancenmu shi ne fingolimod, maganin wata cutar da garkuwar jiki ke cinye rigar jijiyoyi a ƙwaƙwalwa da laka. Asalinsa wani sinadari ne da masanan Japan suka ciro daga wata 'yar'uwar kodisefs. Sinadarin na asali yana da guba, sai da aka sake masa fasali, aka gwada shi a kan dubban marasa lafiya, kusan shekara 20 kafin Amurka ta amince da shi a 2010. Saboda haka wanda ya ce akwai taska a wannan dangi bai yi ƙarya ba, kuma mai yiwuwa ne wata rana gezar zaki ta ba da wani abu makamancin haka. Hanyar da fingolimod ya bi ce gezar zaki ba ta bi ba tukuna.

Akwai kuma hujja a kan cin laimar kwaɗi a matsayin abinci. Masana a Jami'ar Ƙasa ta Singafo sun buga bincike a 2019 a kan mutum 663 masu shekaru 60 zuwa sama. Waɗanda ke cin fiye da kaso biyu a mako, kimanin giram 300 na dafaffiya, yiwuwar samun raunin tunani a wurinsu ta kai kusan rabin ta masu cin ƙasa da kaso ɗaya. Irin wannan bincike na nuna abu biyu na tafiya tare, ba ya tabbatar da cewa ɗaya ne ya haifar da ɗayan, domin mai cin laimar kwaɗi da yawa wataƙila shi ne kuma mai cin ganye da motsa jiki. Amma a lura, laimar da waɗannan tsofaffi ke ci irin wadda ake dafawa ce ta yau da kullum, ba garin kwalba ba.

Wa ya kamata ya kiyaye

Ga lafiyayyen babban mutum, gezar zaki ba ta cika yin illa ba. Abin da aka fi gani a gwaje-gwaje shi ne ɓacin ciki da ƙaiƙayin fata. Wanda jikinsa ba ya karɓar laimar kwaɗi tun asali kada ya kusance ta, domin an sami wanda numfashinsa ya sarƙe bayan ya daɗe yana sha.

Caga ce ta fi tayar mini da hankali. Tana ɗauke da sinadarin okzalet mai yawa, irin wanda ke taruwa ya zama tsakuwar ƙoda. Likitoci a Japan sun rubuta labarin wata mata mai shekaru 72 mai ciwon dajin hanta, wadda ta yi wata shida tana shan cokalin shayi huɗu zuwa biyar na garin caga kullum. Ƙodarta ta lalace har sai da aka ɗora ta a kan injin wankin ƙoda. Garin neman gira aka rasa ido. Duk mai ciwon ƙoda ko wanda ya taɓa yin tsakuwa ya nisance ta.

Reishi na iya ƙara tsinka jini da saukar da hawan jini, don haka haɗa ta da magunguna irin su warfarin mai tsinka jini ko maganin hawan jini na da haɗari, kuma an sami rahotannin ciwon hanta a wasu masu shan garinta. Masu shan maganin ciwon suga su lura sugansu kada ya faɗi ƙasa da kima. Wanda aka yi wa dashen wata gaɓa, ko mai ciwon da garkuwar jiki ke yaƙar jikinsa, bai kamata ya sha abin da aka ce yana zaburar da garkuwa ba sai da sanin likitansa. Masu ciki, masu shayarwa da yara ba a gwada waɗannan kaya a kansu yadda za a ce babu komai ba.

Sai alewa da cakulan da ake rubuta wa "haɗin laimar kwaɗi" ba tare da bayyana me aka zuba ba. A 2024 an janye kayan wani tambari mai suna Diamond Shruumz daga kasuwannin Amurka bayan sama da mutum 100 sun kamu da rashin lafiya, gommai aka kwantar a asibiti, wasu da farfaɗiya wasu sun fita hayyacinsu. Gwaji ya gano sinadaran juya hankali a ciki waɗanda ba a rubuta a jikin fakitin ba.

Asarar da ta fi ta kuɗi

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce sama da mutum miliyan 55 ne ke fama da gigin tsufa, kuma har yau babu maganin da ke warkar da shi. Wanda ya ga mahaifiyarsa ta fara maimaita tambaya ɗaya sau biyar, ko ta tsaya a tsakiyar ɗaki ta rasa abin da ya kawo ta, ba zai tsaya ƙirga mutum nawa aka yi bincike da su ba. Wanda ruwa ya ci, ko takobi aka miƙa masa sai ya kama. Ban ga laifin mai saye ba ko kaɗan. Tsorona shi ne watannin da za a ɓata ana jiran kwalba ta yi aiki.

Mantuwa da rashin natsuwa alamu ne, kuma abubuwa da yawa da ke jawo su ana iya gano su da gwaji mai sauƙi a kuma magance su. Ƙarancin jini na yi. Ƙarancin bitamin B12 na yi, musamman ga tsofaffi da masu daɗewa a kan maganin suga na metformin, kuma in aka bar shi ya daɗe ɓarnar da yake wa jijiya ba ta gyaruwa duka. Raunin ƙululun maƙogwaro da ake kira tayirod na yi. Haka sarƙewar numfashi a cikin barci ga masu minshari mai ƙarfi, da wasu magungunan barci da na mura. Ciwon damuwa a jikin tsoho kan yi kama da gigin tsufa har a ruɗe, alhali yana da magani. Wanda kuma baƙin ciki ya kai shi ga daina cin abinci ko tunanin halaka kansa, wannan ba lokacin gwada gari ba ne, kuma kada wani ya ajiye maganin da likita ya rubuta masa saboda ya sayi na kwalba.

A 2024 kwamitin masana na mujallar Lancet ya lissafa abubuwa 14 da ya ce da za a magance su, da an hana ko an jinkirta kusan kashi 45 cikin 100 na gigin tsufa. Cikinsu akwai hawan jini, ciwon suga, shan taba, rashin motsa jiki, raunin ji da na gani da ba a kula da su ba, buguwa a kai, da zaman kaɗaici. Dattijon da ya daina jin magana sosai yakan janye daga hira, ƙwaƙwalwarsa ta rage aiki, na'urar ƙara ji kuwa na iya dawo da shi cikin mutane. Babu ƙarin abinci ko ɗaya a cikin jerin. Tun a 2019 ma wata majalisar masana lafiyar ƙwaƙwalwa da AARP, ƙungiyar kare muradun tsofaffi ta Amurka, ta tara ta duba hujjojin da ake da su, ta ce ba za ta iya ba da shawarar shan kowane irin ƙarin abinci don lafiyar ƙwaƙwalwa ba.

Wanda lafiyarsa ƙalau, ba ya shan wani magani, kuma yana so ya gwada gezar zaki, ya zaɓi mai nau'i ɗaya da aka rubuta awonta a fili, wadda wani ɗakin gwaji mai zaman kansa ya tantance, ya sa wa kansa wa'adi na wata biyu ko uku, in bai ga komai ba ya daina. Wanda kuma ya saya wa iyayensa, ranar zuwa asibiti ya saka kwalbar a jaka. Marasa lafiya da yawa ba sa ambaton irin waɗannan kaya domin ba sa ɗaukarsu magani, likita kuma ba zai iya lissafi da abin da bai sani ba, musamman in ana shirin tiyata, inda akan so a daina su kimanin mako biyu kafin ranar. Ajiye ta kawai za a yi a kan tebur a ce, "Likita, ga abin da Mama take sha tun wata uku da suka wuce, a duba mana ko ya dace da sauran magungunanta."